Kiɗa ne ko injin markaɗe? Abin da ya kamata iyaye su sani game da kiɗan amo ɗaya

A shekarar 1993 wasu makaɗa 'yan Amurka masu kiran kansu Earth suka fitar da wani faifai mai tsawon minti 73. Kiɗa uku ne kacal a ciki. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu gangar da mutum zai taka rawa da ita. Jita ce mai aiki da lantarki aka buga, aka bar ƙararta tana ta diri kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida direba bai kashe inji ba. Na ƙarshen cikinsu shi kaɗai ya kai rabin awa. Duk wanda ya ji shi karon farko zai ɗauka rediyonsa ce ta lalace.

Yau wannan faifai da ire-irensa suna nan a YouTube da Bandcamp, kuma yaron da ke zaune a Pumpumre ko Yelwa ko Rumde Ajiya zai iya saurarensu muddin yana da waya da 'yar data. Gaskiya ne yawancin matasanmu na Garwa hankalinsu yana kan waƙoƙin finafinan Hausa da na Fulatanci da na mawaƙan Legas, wasu kuma ƙasidu da karatun Alƙur'ani. Amma akan samu ɗaya ko biyu, galibi 'yan lise ko 'yan jami'a, da intanet ta kai su wannan lungu. Ranar da uba ko uwa suka karɓi abin suka sa a kunne, tambayar ɗaya ce: wannan kiɗa ne ko injin markaɗe? Daga nan sai zargi ya biyo baya, wani ya ce yaron ya fara shaye-shaye, wani ya ce a nemo mai ruƙiyya.

Kafin a kai ga haka, ya kamata a san abin. Wannan sauti ba baƙo ba ne ga kunnen da ya tashi yana jin algaita da goge. Haɗarin da ke tattare da shi yana nan, babba ne ma, amma ba a inda iyaye suka fi zato yake ba. Yana wajen ƙarfin ƙarar da tsawon lokacin da take yi a cikin kunne.

Mene ne shi wannan kiɗa?

Iri biyu ne da suka yi maƙwabtaka. Na farko Turawa na kiransa diron, kalmar da suke amfani da ita ga namijin zuma da kuma jirgin nan marar matuƙi, saboda duk diri suke yi. A Hausance za mu iya ce masa kiɗan amo ɗaya: a kama amo guda ko biyu a riƙe su minti goma, ashirin, wani lokaci awa guda, ba tare da an sauya ba. Na biyu shi ne noyis rok, wato kiɗan rok na hayaniya. Shi yana da ganga, wani lokaci har da mawaƙi, sai dai da gangan ake shaƙe muryar jitar ta koma kamar ana yanka ƙarfe.

Mai karatu ya san kukan nan da lasifika ke yi a wurin wa'azi ko ɗaurin aure idan mai magana ya matso da makirfo kusa da ita. Abin da ke faruwa shi ne sautin da ya fito daga lasifika yana komawa cikin makirfo, ya sake fitowa da ƙarfi, ya sake komawa, har ya zama ihu. Mu gudun wannan kuka muke yi. Su kuwa waɗannan makaɗa shi suke nema. Sukan jingina jita da lasifika su bar ta tana kuka, sannan su riƙa sarrafa kukan, su ɗaga shi su sauke.

To me mutum ke saurare a cikin amon da ba ya sauyawa? Ashe amo ɗaya ba ɗaya ba ne. Duk tsirkiyar da aka kaɗa, ban da babban amonta akwai wasu ƙanana da ke tafiya a samansa, na farko ninki biyu na saurin girgizarta, na gaba ninki uku, haka dai. A kiɗan da ke gudu ba ka da lokacin jin su. Idan aka riƙe amon ya daɗe, sai kunne ya fara rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wani abu: idan amo biyu suka yi kusa da juna ƙwarai, a ce ɗaya na girgiza sau 100 a daƙiƙa, ɗayan sau 103, za ka ji ƙarar tana kumbura tana sacewa sau uku a kowace daƙiƙa, kamar ana bugun ganga alhali babu mai bugawa. Wanda ya taɓa zama tsakanin janareta biyu da dare ya san wannan. Masu son kiɗan amo ɗaya irin waɗannan ƙananan motsi suke bi da kunne.

Daga ina ya fito?

Tun a 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takarda yana cewa tunda injuna sun cika birane, ya kamata ƙararsu ta shiga cikin kiɗa. Har akwatuna ya ƙera masu fitar da gurnani da ƙugi. A 1944 kuma wani ɗalibi ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar magana a Alƙahira ya ɗauki wani taron zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya je ya jujjuya sautin da na'urori har muryoyin suka koma wani abu dabam. Masana tarihin kiɗa suna lissafa aikinsa cikin na farko-farko a duniya da aka yi ta wannan hanya. Ke nan Afirka tana cikin labarin tun daga tushe.

Wanda ake ɗauka uban kiɗan amo ɗaya na zamani shi ne La Monte Young, Ba'amurke da aka haifa a 1935 a wani ƙauye na jihar Idaho. Ya sha faɗin cewa sautukan da suka fara kama hankalinsa yana yaro su ne kukan iska a jikin ɗakinsu na katako da dirin turakun waya da na taransifoma. Wutar lantarkin Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu ta Kamaru sau 50, shi ya sa dirin taransifomarsu ya ɗan fi na tamu tashi. A 1960 ya rubuta wani kiɗa da ba shi da komai sai amo biyu da umarnin a riƙe su na dogon lokaci. Daga 1970 shi da matarsa Marian Zazeela suka zama almajiran wani mawaƙin Indiya, Pandit Pran Nath, wanda shi kuma ya yi karatu a hannun Ustaz Abdul Wahid Khan. A kiɗan Indiya akwai wata babbar molo mai suna tambura, ba ta da aiki sai riƙe amo ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshe. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun sha jin ta ba mu san sunanta ba.

Ɗaya daga cikin abokan aikin Young, John Cale, shi ya ɗauki wannan salo ya kai shi cikin kiɗan rok ta ƙungiyar Velvet Underground. A 1975 abokinsa Lou Reed ya fitar da faifan Metal Machine Music, fiye da awa guda na kukan jita zalla, har masu saye da yawa suka mayar da shi kanti suna zaton ya lalace. A 1981 aka kafa Sonic Youth a birnin New York, waɗanda sukan cusa sukundireba ko sandar ganga a ƙarƙashin tsirkiyar jita don su sauya mata murya. A Japan, Masami Akita, mai laƙabin Merzbow, ya fara nasa a 1979, kuma ya fitar da faifai ɗaruruwa na hayaniya tsantsa. A 1998 aka kafa Sunn O))) a birnin Seattle, sunan ma daga wani kamfanin na'urar ƙara sauti suka aro shi.

Ba duka ne masu ƙara ba. Éliane Radigue, Bafaranshiya da aka haifa a 1932, ta shafe shekaru tana haɗa amo mai laushi da wata na'ura mai suna ARP 2500, wanda idan ba ka natsu ba ma ba za ka lura yana sauyawa ba.

Kunnenmu ya riga ya san shi

Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa ranar hawan Sallah, ko a Ngaundere ko Marwa ko Rai Buba, ya ga mai algaita kumatunsa sun kumbura kamar ya cusa lemo biyu. Ba ado ba ne. Kumatun rumbun iska ne. Yana matsa iskar da ke bakinsa cikin algaitar a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Abin da Turawa suke nema da lasifika da lantarki, wato amon da ba ya tsayawa, mai algaita da huhunsa da kumatunsa yake yin sa. Idan masu algaita biyu ko uku suka haɗu, wannan kumbura da sacewar ƙara da muka ambata a sama tana fitowa sarai. Ga kuma kakaki, wanda tsawonsa ya fi mutum, amma amo biyu zuwa uku kawai yake fitarwa, kuma da su yake girgiza fili.

Sunan algaita ɗan'uwan gaita ne ta ƙasar Maroko. A 1968 Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones ya je ƙauyen Jajuka a arewacin Maroko ya ɗauki masu busa ta, faifan ya fito a 1971, kuma ya shiga kunnen makaɗan Turai da Amurka da yawa. A Turkiyya da Armeniya ma, inda ake busa 'yan'uwan algaita, sau da yawa akan sa mutum guda ya riƙe amo ɗaya yayin da ɗayan ke yawo a kansa.

Haka batun shaƙe murya. Mu ma ba ma son amo ya fito fes babu ƙura. Makaɗanmu sukan ɗaura ɗan ƙarfe mai zobba a kan garaya ko kuntigi domin duk bugu ya zo da kacau-kacau. Wanda ya saurari kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ya san wannan zuzar. Gangar fada tana da tsirkiya a kan fatarta don ta riƙa kurɗa. Goge kuwa tsirkiyarsa gashin doki ce, bakansa ma haka, kuma wannan ƙaiƙayin da ke cikin muryarsa shi ne daɗinsa. Idan aka cire wa waɗannan kayan kiɗa zuzarsu, tsofaffi za su ce kiɗan ya yi lami.

Da lantarki ya iso yankinmu, sai aka ci gaba daga nan. A Agadas ta Nijar, masu jitar biki suna kiɗa a fili da janareta da ƙananan lasifikoki da aka ƙure musu murya har suna kurɗa, kuma mutane suka so abin a haka. Kamfanin Sublime Frequencies na Seattle ya fitar da faifan Group Inerane na Agadas a 2007. A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin da aka kwaso daga katin wayoyin mutane a Sahara, a ciki har da ta Mdou Moctar, Buzun Nijar da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2021 faifansa Afrique Victime ya fito a kamfanin Matador na Amurka, kamfanin da ya fitar da faifan Sonic Youth a 2009. A Kinshasa ma ƙungiyar Konono N°1 ta ƙera makirfo da maganaɗisun tsofaffin motoci, kuma ƙarar da ta fito daga ciki ita ce ta ja hankalin Turai da faifansu Congotronics ya bazu. Masu sauraron kiɗan hayaniya a can suna cikin masu sayen faifan makaɗan Sahel. Sun ji wani abu da suka gane.

Me yaro ke nema a ciki?

Dalilan ba su da wuyar fahimta. Na farko, babu kalmomi. Wanda ke karatu yana jin waƙa mai baiti, hankalinsa yakan rabu biyu, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙyale magana ta wuce ba ta bi ta ba. Amo ɗaya ba ya jan hankali haka. Na biyu, gidajenmu ba wurin shiru ba ne. Ɗaki ɗaya yara huɗu ko biyar, talabijin a falo, mashin na wucewa a layi, maƙwabci ya tayar da janareta saboda an ɗauke wuta. Ga zafin watan Maris da Afirilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ba dama a rufe taga, kuma daidai lokacin ne 'yan ajin jarrabawa suke bita. Yaro sai ya yi wa kansa bango da sauti. Na uku, akwai son sanin abin da sauran abokai ba su sani ba, wanda halin ƙuruciya ne tun fil azal.

Dalili na biyun nan shi ne inda matsalar take. Wanda yake so ya danne ƙarar janareta da ƙarar waya, dole ya ɗaga ta waya ta fi ta janareta. Kuma tunda kiɗan ba ya yankewa, babu ɗan hutun da ke tsakanin waƙa da waƙa, kunne ba ya samun sararawa. Bayan 'yan mintoci kunnen ya saba, yaron ya ji kamar ƙarar ta ragu, ya ƙara. Wani ma da iyafis a kunne barci ke ɗaukarsa har asuba.

Lissafin kunne

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa desibel 75. Daga nan lokacin raguwa yake yi da sauri. A desibel 90, awa 4 ne kacal a mako. A desibel 100, minti 20 a mako gaba ɗaya. Wayar hannu da iyafis idan aka ƙure su sukan kai 100 zuwa 110. Ke nan yaron da ya ƙure waya ya saurari kiɗa guda mai rabin awa ya cinye rabon mako ɗaya har ya ci bashi. Hukumar ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa kada ƙarar wuraren taro ta wuce desibel 100 a matsakaici. A ƙasashen da ake taron kiɗan hayaniya, sau da yawa a bakin ƙofa ake raba abin toshe kunne, domin su kansu sun san abin da suke yi. Yaronmu da ke ɗaki shi kaɗai babu mai miƙa masa.

A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da girgizar iska ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. Idan aka huta sukan miƙe. Idan aka yi ta maimaitawa sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu rubutun sha da ke mayar da shi. Abin takaicin shi ne babu ciwo, babu jini, kuma mutum zai iya rasa kaso mai yawa daga cikinsu kafin gwajin asibiti ya nuna.

Waɗanda ke fara lalacewa su ne masu kama siraran sautuka. A nan ne abin ya shafe ni a matsayina na malamin makaranta. Siraran sautuka su ne irin su "s" da "f" da "sh" da "t". Yaron da ya fara rasa su yana jin muryar malam sarai, amma kalmomin suna zuwa masa a gutsure. Ɗanmu Bahaushe a nan yana magana da Hausa a gida, Fulatanci a layi da kasuwa, sannan ya zo aji a koya masa da Faransanci ko Ingilishi. A harshen da ka iya, idan harafi ya kuɓuce maka za ka cike gurbin da kanka. A harshen da kake koyo babu abin cikewa. Ka haɗa wannan da aji mai yara saba'in ko tamanin, wanda ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na nan Arewa, ka ga yadda dikte zai kasance. Sai a ce yaro ba ya mayar da hankali, ko daƙiƙi ne, alhali kunne ne.

Haka a makarantar allo da Islamiyya. Tajwidi daga baki zuwa kunne ake ɗaukarsa. Wanda ba ya rarrabe sinun da sadun, ko ta'un da ɗa'un, a bakin malaminsa, yaya zai fitar da su daidai a nasa?

Adalci kuma shi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba kiɗan Turawa kaɗai ke kashe kunne ba. Kunne bai san bambancin jitar Seattle da waƙar biki ba, ƙarfi da lokaci kawai ya sani. Jaririn da aka goya aka tsaya da shi gaban lasifika a wurin kamu, yarinyar da ake aika wa markaɗe kullum ta tsaya kan inji, yaron da ke koyon walda ko aikin injin niƙa, da wanda aka zaunar a gindin lasifika a wurin wa'azi ko Mauludi, duk lissafin nan ya hau kansu. Har karatun Alƙur'ani idan aka ƙure shi a iyafis dare guda, illar ga kunne ɗaya ce. Uban da ya ƙwace wayar ɗansa amma ya yi hayar lasifika takwas ranar bikin 'yarsa bai gama aikin ba.

Ta fuskar addini

Hukunci na malamai ne, kuma saɓaninsu a kan kayan kiɗa tsoho ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a wurin biki. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halasci. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban sauraro, inda ya duba halin mai ji da abin da jin ke motsawa a zuciyarsa, tare da cewa shi ma ya keɓe wasu kayan kiɗa ya hana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan zamaninsa a kan shagala da kaɗe-kaɗe. Kowane gida ya san malamin da yake bi.

Abu uku dai ya kamata a sani. Rashin baiti bai fitar da wannan kiɗa daga waccan mas'ala ba, domin da jita ake yin sa. Gidan da ba a jin kiɗa, wannan ma kiɗa ne. Na biyu, wasu daga cikin masu yin sa suna haɗa shi da aƙidunsu. Radigue mabiyar addinin Buda ce, kuma wasu ayyukanta a kan littattafan addinin ta gina su. 'Yan Sunn O))) sukan fito cikin dogayen riguna masu rufe kai a tsakiyar hayaƙi, wasu faifan hayaniya kuma bangonsu na ɗauke da hotunan tsiraici ko na tsafi. Ya kamata uba ya kalli allon wayar, kada ya tsaya a kan sautin kawai. Na uku, a intanet ana tallata irin wannan amo da sunan maganin damuwa da samun natsuwar ruhi. Jiki yakan saki idan ya ji amo mai tsawo, wannan gaskiya ne, kamar yadda dirin mota ke sa yaro barci. Amma sakin jiki daban, zikiri daban, kada yaro ya ɗauki wannan a madadin wancan.

Abin yi

Idan ka tarar da ɗanka yana jin irin wannan, fara da tambaya kafin faɗa. Ka ce ya sa maka a lasifikar waya ku ji tare, ya gaya maka wane ne ya yi shi da abin da yake ji a ciki. A cikin minti biyar za ka gane ko yaro ne mai son sani, ko kuwa akwai wata damuwa da yake ɓoyewa a bayan ƙarar. Idan ya daina cin abinci da mutane, ya daina zuwa masallaci, ya rufe kansa a ɗaki, to maganar ta wuce ta kiɗa, kuma ƙwace waya ba zai warkar da ita ba.

Sannan a yi yarjejeniya a kan abin da za a iya aunawa. Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Idan kana tsaye kusa da shi kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ko ka yi masa magana daga nisan hannu bai ji ba, ta yi yawa. Bayan kowace awa a cire a huta. Ba a kwana da shi a kunne. Ba a sa shi a kan mashin ko a bakin titi, domin wanda bai ji oda ba yana iya rasa abin da ya fi kunne. Wayoyi da yawa suna da wurin da ake ƙayyade iyakar ƙara, wasu ma suna nuna lissafin mako, a buɗe a duba tare. Idan wurin karatu ne matsalar, a nema masa lokacin da gida ya yi shiru, kamar bayan sallar asuba, ya fi a bar shi yana yaƙar ƙara da ƙara.

A kula da alamu: ƙara kamar ta gyare a cikin kunne bayan an cire iyafis, jin kamar an toshe kunne da auduga, yawan cewa "na'am?" ko "me ka ce?", ƙara muryar talabijin fiye da kowa, da kasa bin hira a cikin taro. Idan ɗaya daga cikinsu ya wuce kwana biyu, a je asibiti a nemi likitan kunne. Kada a ɗiga man ja ko ruwan albasa, kada a sa tsinke. Malaman makaranta kuma, kafin mu yanke wa yaro hukuncin rashin ƙoƙari, mu dawo da shi bencin gaba na mako biyu mu ga ko za a samu canji. Kowace ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya, ba zai gagari makarantunmu da masallatanmu su ware mata minti goma ba.

Yaron da kunnensa ya iya zama rabin awa yana bin amo ɗaya yana da haƙurin sauraro da ba kowa ke da shi ba. Wannan baiwa ce da ake nema wajen mai koyon tajwidi, da mai koyon harsuna, da bakaniken da ke gane ciwon inji daga kukansa. A nuna masa inda zai kai ta. Idan gidanku ba ya ƙyamar haka, ranar Sallah a kai shi ƙofar fada, ya tsaya daga ɗan nesa ya saurari masu algaita da kyau, ya ƙirga daƙiƙa nawa busar ke yi ba ta yanke ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a sun manyanta, kuma wayar da ke aljihunsa tana iya ɗaukar sautinsu idan ya nemi izini. Amma duk wannan sai da kunne mai lafiya, shi kuwa guda biyu kawai aka ba kowa, babu na canji. Allah Ya kare mana jinmu da ganinmu, Ya shirya mana zuriya.